Fom Ɗin 'Yan Gata

Ba za ni taɓa mantawa da shekarar da na gama sakandare ba. Ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, shanu suna faɗuwa a bakin hanyar garin Isa. Kowa yana neman abin kaiwa baki, ni kuwa girma nake nema.

Malaminmu ya ce mu cike fom ɗin gama-gari, wanda ake jera makarantu da dama a ciki, in wannan ta ƙi ka waccan ta karɓa. Abokaina duk suka bi. Ni na taɓe baki, na ce wannan ai tuwon gayya ne, kowa da hannunsa a ciki. Sai wani direban motar Sakkwato ya kawo mini fom ɗin wata makarantar kiwon lafiya, nata na kanta, da tambari, takarda tana sheƙi. (Akwai wani ƙaramin Turanci a ƙasa, amma ina babban mutum ina ƙaramin rubutu?)

Baba ya ce, "Ka haɗa biyun mana. Wanga zamani ba a shuka iri guda."

Na ce, "Baba, likita za ni zama, ba ɗan caca ba."

Baba ya ja tunkiyar da ta rage mana zuwa kasuwar Sabon Birni, aka yi mini guzuri har da sabon takalmi.

Ranar ganawa na tarar da harabar makarantar cike da 'yan mata. Na ɗauka rakiyar yayyensu suka yi, har ina ɗaga musu hannu kamar hakimi. Wata dattijuwa mai tabarau da ke karɓar takardu ta duba nawa, ta ce, "Ina ƙanwar taka?"

Na gyara tsayuwa. "Ai ni ne, Hajiya."

Ta sauke tabarau. "Ɗana, a garinku maza ke karɓar haihuwa? Nan makarantar ungozoma ce."

Wuri ya kaure da dariya. Wata daga baya ta ce, "A bar shi, Hajiya, ya riƙa ɗora mana ruwan zafi!"

Kafin in dawo garinmu Gatawa an rufe fom ɗin gama-gari, direban kuma ya riga ni isar da labari. Shekara guda na yi ina jan ruwan rijiya, yara suna bina da "Ungozoma, sannu da aiki!"

Tun daga nan, in na ga hanya ba kowa a kanta, ba na cewa na fi mutane wayo. Sai na tsaya na tambayi inda ta nufa.