Ba a Buɗe Sanyi Ba Tukuna

Shekaranjiya da safe aka koro mu daga ƙofar makaranta, ni da 'yata da jar rigar sanyinta. Laifinmu ɗaya ne: mun riga hukuma jin sanyi.

Ni dai gyaran fanka ne sana'ata, saboda haka ba sai wani ya zo ya ba ni labarin shigowar sanyi ba. Ranar da na buɗe shago na wuni ina ƙirga motocin da ke wucewa, babu wanda ya kawo mini ko farfela guda, ranar na san an shiga. Yanzu kuwa an yi nisa. Man shafawa ya daskare a kwalba, ruwan famfo ya daina gaisawa da kowa, maigadin layinmu ya naɗe kansa har sai ka yi masa magana kafin ka gane ta ina fuskarsa take.

Autarmu ce 'yar makarantar. Shekararta huɗu, Firit muke ce mata saboda ƙanƙantarta, kuma ta zo duniya da ƙirji mai saurin fushi. Iska kaɗan ta buge ta sai numfashinta ya fara fito. Bara sai da aka kwantar da ita a asibiti, kuma ban manta da zaman da na yi a bakin gadon nan ina sauraron kowane numfashi ba. Da za a sallame mu likita ya ce abu ɗaya zai roƙe mu, kada mu bar ƙirjin nan a buɗe idan sanyi ya zo. Wannan ne ya sa mahaifiyata, wadda duk gidan muke kira Kaka, ta zauna tun da damina da idanunta da suka fara gajiya ta saƙa mata riga ja, mai dogon wuya da dogon hannu, da 'yar agwagwa ruwan ɗorawa a ƙirji.

To, da wannan riga muka isa ƙofar makaranta. Malamar ajinsu tana tsaye tana karɓar yara, ta rungume hannuwanta.

“Baban Firit, ina kwana. Don Allah a cire mata rigar nan.”

“Lafiya lau, Malama. Wace riga?”

“Ta sanyin. Ba a buɗe ba tukuna.”

Na waiwaya na dubi ƙofa. A buɗe take, har wani yaro yana lilo a jikinta. Na ce, “Mene ne ba a buɗe ba?”

“Sanyin,” ta ce, haƙoranta suna haɗuwa.

A nan ta yi mini bayani, ni kuma zan yi muku, don jahilci irin nawa kada ya yaɗu. Ashe bara Mai Girma Babban Jami'in Sutura da Yanayin Ƙananan Yara, Allah ya ja zamaninsa, ya kai ziyara wata makaranta ya tarar kowane yaro da launin rigar sanyinsa. Aka ɗauki hoto, hoton ya fito kamar an ɗauke shi a layin 'yan gwanjo. Ran Mai Girma ya ɓaci. Daga ranar aka kafa doka: babu yaron da zai ɗora komai a kan yunifom sai Mai Girma ya yanke ƙyalle ya buɗe sanyi a hukumance, kuma a wurin bikin ne za a raba wa yara riguna masu launi ɗaya. Kafin nan duk wanda ya ji sanyi, ya ji shi ne a kan kansa.

Malama ta sassauta murya ta ce masu duba makarantu suna yawo, kuma aikinta ne a bakin komai. Ban ga laifinta ba. Firit kuwa ta damƙe gefen rigarta da hannu bibbiyu. Tun daga gida take shirin nuna wa ƙawarta agwagwa, kuma ranar ce za a koya musu sabuwar waƙar ƙirga yatsu. Ko in cire rigar in miƙa ƙirjin nan ga iska, ko in mayar da ita gida. Na ɗauke ta, tana kuka har muka iso.

A gida muka tarar da rediyo yana ba da shawarwari ga iyaye, kuma ofishin Mai Girma ne ya ɗauki nauyin shirin. Wata murya mai taushi tana cewa a riƙa sa wa yara kaya masu kauri, a yi musu wanka da ruwan ɗumi, a shafe su da mai, a rufe musu kai da ƙirji kafin su fita. Maiɗakina ta ajiye tsintsiya ta ce, “Yaran wa suke nufi?”

Maƙwabcina tela ne ya amsa ta taga, domin shi ba a yin hira a unguwarmu ba tare da shi ba. “Ai maganarsu daidai ce, maman yara. Cewa suka yi a sa wa yara kaya masu kauri. Ba su ce a kai su makaranta da su ba.” Tela mutum ne mai kyautata wa manya zato, musamman tun da ya ji ƙishin-ƙishin cewa za a ba da aikin ɗinka maɓallan rigunan hukuma.

Muryar ta kuma ba da shawarar wasannin cikin gida don iyali su shaƙu da juna. Muka bi umarni. Mun fara da ɓuya, sai dai a ciki da falo wasan ba ya daɗewa, tunda in ba ka bayan ƙofa to kana ƙarƙashin gado. Daga nan muka koma gina gida da kwali, na kawo wani tsohon kwalin fanka daga shago. Firit ta shiga ta ja murfi, ta ce ita ta tare ke nan, nan ya fi ko'ina ɗumi. Daga cikin kwalin ta tambaye ni ko gobe za a buɗe. Na ce zan je in ji.

Da rana na tafi ofishin. Mutum mai sana'ar fanka a wannan lokaci ba abin da ya fi yawa a hannunsa kamar lokaci, don haka na zauna a benci har aka gaji da ganina aka shigar da ni wurin Mataimaki na Musamman kan Iska. Yana sanye da kwat a kan rigar saƙi, ya naɗa mayafi a wuya, ga filas na shayi a gefe. A ƙarƙashin tebur kuma wata 'yar hita tana ta ja, tana gasa masa ƙafafu.

“Ranka ya daɗe,” na ce, “zuwa na yi in ji yaushe za a buɗe sanyi.”

“Ana kan shiri.”

“To ai ya riga ya shigo.”

“Jita-jita ce. Mu dai ba a kawo mana rahoto ba.”

Na dubi hita. Shi ma ya dube ta, sannan ya ce, “Gwaji muke yi.”

Na tambaya ko zan iya ganin Mai Girma da kansa. Ya girgiza kai cikin alhini ya ce Mai Girma ba ya gari, likitansa ya ba shi shawarar ya nemi ƙasa mai ɗumi ya zauna har yanayin nan ya wuce.

“Wane yanayi, ranka ya daɗe?”

“Wanda za a buɗe idan ya dawo.”

Ba a banza ake biyan manya albashi ba. Ni da ke kwance fanka in ɗaura, da an ba ni shekara ba zan iya ƙera amsa mai santsi haka ba. Na tambayi labarin rigunan da za a raba, ya ce an yi oda, suna kan ruwa, kuma ana sa ran isowarsu daidai lokacin da kasuwata za ta buɗe. Ban san ya aka yi ya gane sana'ata ba, wataƙila daga baƙin mai da ke farcena.

Sai na ajiye wasa na faɗa masa gaskiya. Na ce ina da yarinya mai ciwon ƙirji, na ba shi labarin asibiti da gargaɗin likita, na roƙa a yi mata uzuri ita kaɗai. Ya saurare ni da kyau, har da gyaɗa kai. Ya ce hukuma uwa ce, ba za ta ƙi duba irin wannan ba, amma sai da hujja.

“Idan ta kamu, ka kawo ta mu gani. Sai kwamiti ya zauna.”

Mai karatu, ni ba mafaɗaci ba ne, kowa a layinmu zai shaida. Amma ban taɓa jin hannuna yana ƙaiƙayin kuncin mutum kamar lokacin ba. Mutumin nan yana zaune ƙafafunsa suna gasuwa, yana gaya mini in je in jira numfashin 'yata ya fara fito don ya sami abin rubutawa. Na miƙe na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Ya ce in ja masa ƙofa da kyau, iska tana shigowa.

Jiya ma Firit ba ta je makaranta ba. Ta wuni a bakin taga tana kallon yara suna wucewa da guntun hannu, kafaɗunsu a ɗage har kunne. Maiɗakina ta gwada sa mata jar rigar a ƙarƙashin yunifom, amma wuyan ya leƙo ta sama, hannuwan suka zubo ta ƙasa, ko makaho ya shafa zai kama mu. Kaka tana zaune a kan tabarma tana kallonmu. Can ta ce, “Miƙo mini almakashi.”

Na ce, “Haba Kaka, aikin damina guda fa.”

“Kai ka saƙa?” ta ce. “Miƙo.”

Ta warware wuyan, ta cire hannuwan ɗaya bayan ɗaya, ta bi bakin da allura ta ɗaure don kada ya zare. Ba ta yi sauri ba, kuma ba ta ɗaga kai ta dubi kowa ba. Ni na san yawan lokutan da ta warware wuyan nan ta sake saƙawa don ya zauna daidai, kuma na ji zafin abin har cikin raina. Firit ta matso ta tsuguna a gabanta.

“Kaka, agwagwa fa?”

“Agwagwa za ta shiga ciki ta kwanta, ƙawata. Ita ma sanyi take ji.”

“Ba wanda zai gan ta?”

“Ke kin san tana nan, ni na sani. Ya isa.”

Tela ya leƙo ya ga jan zare a ƙasa ya ce wannan fasa-ƙwauri ne ƙarara. Kaka ta ce idan ya gama wa'azi ya taimaka ya saki ɗinkin yunifom ɗin ta gefe. Ya karɓa ya yi, bai ko karɓi ladan aiki ba, ya dai roƙa kada a ambaci sunansa saboda maganar maɓallai.

Yau da safe muka koma. Firit tana tafe a gabana ta yi dumurmur, maɓallin tsakiya yana neman agaji. Muka isa wurin Malama. Ta ɗora hannu a kafaɗar yarinyar, hannun ya ɗan nutse. Ta tsaya. Ta dube ni, na dubi sama.

“Masha Allah,” ta ce. “Firit ta yi ƙiba. Wuce ciki.”

Sai a lokacin na lura da sauran yaran da ke kan layi. Ashe ba mu kaɗai Allah ya ba kaka ba. Yaran da na sani kamar tsinke duk sun yi kumari, ga ƙafafu sirara ga ƙirji kamar na 'yan dambe. Ita kanta Malama ta ɗan murmure tsakanin shekaranjiya da yau.

Da azahar ina zaune a shago rediyo ya kawo labari mai daɗi. Masu duba makarantu sun zagaya, sun tabbatar cewa ƙananan yara sun yi ƙiba ta ban mamaki a ƙarƙashin kulawar ofishin Mai Girma, kuma ba a sami ko yaro ɗaya da ya karya dokar sutura ba. An kafa kwamitin da zai shirya ba shi lambar yabo da zarar ya dawo. Tela ya tsallako titi musamman don ya ce mini, “Ka gani? Ku dai ba ku da haƙuri ne.”

Da aka tashi na je ɗaukarta. Ta fito da gudu tana rera waƙar yatsu, wadda ƙawarta ta koya mata a lokacin hutun tara. Na ɗaga ta na kara kunnena a ƙirjinta, daidai inda agwagwa take kwance. Shiru, babu fito, sai numfashi mai fita sumul. Na daɗe a haka kafin in ɗago.

Ta waiga hagu, ta waiga dama, sannan ta kama kunnena ta jawo shi bakinta.

“Baba,” ta ce a hankali, “ina jin ɗumi. Kada ka faɗa wa hukuma.”

Na yi mata alƙawari. Saboda haka, mai karatu, idan wani mai kwat da mayafi ya tare ka ya tambaya, yau ba ka karanta komai ba.