Waƙar da Ta Fi Jana'iza Tsawo

"A'a, tsoho mai ran ƙarfe, har yanzu kana nan? Ni da na zo rabon gado!"

Da haka 'yata Tegan ta gaishe da kakanta Clive, wato mahaifina. Yana kwance a falon gidansa da ke garin Rotherham, inda muka sauko masa da gado tun da ciwon huhu ya hana shi hawa bene. Likitoci sun riga sun gaya mana gaskiya, ba zai tashi ba, shi ma ya sani. Shi ya aiki Tegan gidan ƙona gawa, inda za a yi jana'izarsa, ta ji ko za su sa masa waƙar da ya zaɓa. Ni kuwa tun ina yarinya na tsani kiɗan nan nasa, da zarar ya ɗora faifai nake barin ɗakin.

"Ja'ira, me kika samo?"

"Sun ce rabin awa suke ba kowace gawa. Waƙarka kaɗai ta kusa cinye shi. Akwai wani mamacin a layi bayanka."

"Ya jira mana! Ina zai je?"

"Kaka, wannan ba waƙa ba ce, zaman kurkuku ne. Mai piyanon lantarki ya yi ta shimfiɗa kamar ba gobe, mawaƙin ya shigo yana kukan budurwar da ta guje shi tun kafin a haifi Mama."

"Ke me kika sani? Naku kiɗan kafin ruwan shayi ya tafasa ya ƙare. Mu a da mukan cika zauren kiɗa cikin ruwan sama, mu yi tsit, sai jitar nan ta ɗago a hankali, ki ga ƙarti ma'aikatan ƙarfe suna share hawaye."

"Kukan gajiya suke yi."

"Kunnenki hannun kofi ne, ba ya jin kiɗa."

"Kai kuma da dogon gashinka na da aka share makarantarmu. Na ga hotonka."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Na riƙe masa kwano. Na ga jini a ciki, na yi maza na rufe. Da ya samu numfashi sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Shi ke nan. Ku yanke ta. Ku fara daga inda jitar take shigowa, sauran lokacin uwarki ta yi jawabinta."

"Ba za a yanke ba," in ji Tegan.

"Ke da kika ce kurkuku ce?"

"Kurkuku ce mana. Amma in ba ka sha zaman jiran nan ba, jitar ba ta taɓa ka. Ganga ta yi shiru, komai ya lafa, sannan jitar ta shigo. Ka yanke farkon, ka kashe ta."

Ya ƙura mata ido. "Wa ya gaya miki?"

"A mota na ji, da zan dawo. Sai da na tsaya a gefen titi. Kada ka ce mini uffan, tsoho."

"To jawabin fa?"

"Ba mai magana. Fasto ya yi shiru, ni ma in yi shiru." Ta juyo ta dube ni.

Raina ya sosu, don na daɗe ina tara abin da zan faɗa a kansa, abubuwan da ban taɓa iya gaya masa ido da ido ba. Amma na ga yadda yake kallona, kamar yaro mai roƙon alewa. Na gyaɗa kai.

"Kai, madalla!" Ya daki bargo. "Duk dangin da suka raina mini kiɗa za su zauna su ji ta har ƙarshe, ba mai halin tashi. Na ci ku, ja'ira!"

"Ka ci," Tegan ta ce tana dariya, idonta ya cika taf da hawaye. Ta miƙe ta zaro faifan daga kwalinsa. "Amma ba za mu sha wahalar nan mu kaɗai ba, kai kana kwance cikin akwati hankali kwance. Matsa in zauna. Yanzu za ka ji ta da mu."