Kawu Nomau a Wajen Ɗaukar Fim

A garin Tudun Gwanda akwai wani mutum mai suna Nomau. Ya manyanta har furfura ta fara fito masa, amma yana nan a gidan yayarsa, Inna Dije. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi, kuma nan matsalar take. Inna Dije tana da 'ya'ya maza biyu masu shirya fim a Kano. Sagir, babban, shi ke riƙe kyamara, Nafi'u kuma ya rubuta labari ya ba da umarni. Bayan damina suka zo dajin garin ɗaukar fim na barkwanci, labarin wa da ƙane da suka kafa tanti a daji suna ta faɗa. Su kansu masu fim ɗin sun daina yi wa juna magana, sun ma ce daga wannan aiki kowa zai kama gabansa. Abin ya hana uwarsu sukuni. Ta haɗa su da kawunsu, tun da ya san dajin.

Wata rana Sagir ya ce, "Kawu, tsaya nan. Duk wanda zai gitta ta gaban kyamara, ka tare shi." Aka fara ɗauka. Babban ɗan wasan ya fito daga tanti a guje, wai kunama ta shiga wandonsa. Nomau ya sha gabansa, ya rungume shi, suka zube cikin ƙaiƙayi.

"Kawu! Ai shi muke ɗauka!"

"To ka ce duk wanda."

Wata rana Nafi'u ya ce idan ya ɗaga hannu, yana so komai ya yi shiru. Ya ɗaga hannu, mutane suka yi tsit, sai tsuntsaye a kan wata tsamiya. Nomau ya dube su, ya ga ba su da niyyar bin umarni. Ya ɗauko tukunyar girki da ludayi ya tsaya a gindin tsamiyar yana bugawa yana ihu. Mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa yana salati. Tsuntsayen dai sun tashi, Nomau ya dawo yana jiran a gode masa.

Wata rana Sagir ya ce a matsar da tantinsa inda ba zai riƙa ganin fuskar Nafi'u ba. Nomau ya naɗe tantin da kayan ciki, ya haye rafi, ya kafa shi bayan wani dutse. Da la'asar Sagir ya je ɗauko batir, ya dawo jiƙe har ƙugu. Nafi'u ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Wannan dariya ce ta ƙarasa ɓata lamarin.

Wata rana da hantsi, Sagir ya fara tattara kayansa. Ya kira Nomau ya ce, "Je ka gaya wa Nafi'u na fasa, yau zan koma Kano da kyamarata. Duk abin da ka ji daga bakina ka faɗa masa, kar ka rage komai." Ya ci gaba da naɗe waya yana magana shi kaɗai. Nomau bai tafi ba, ya tsaya a bayansa har ya ji ya yi shiru.

Ya iske Nafi'u cikin 'yan wasa, ya gyara murya. "Yayanka ya ce ya fasa, yau zai koma Kano da kyamararsa."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Nafi'u, bai ɗago ba.

"Ban gama ba. Sai ya yi tsaki, kamar haka." Nomau ya ja tsaki. "Ya ce, yaro sai taurin kai, tun safe bai sa komai a cikinsa ba, ga gyambon ciki. Ya ce, in na tafi wa zai tuna masa da magani? Ya ce, ja'irin kuwa ya iya labari, jiya da ƙyar na riƙe dariya. Ya ce, da zai ce Yaya ka zauna, ai da na zauna. Sai ya ja majina."

Sagir, da ya hango taron ya sheƙo a guje, ya iso daidai nan. "Kawu! Wa ya ce ka faɗi wannan?"

"Kai mana."

Nafi'u ya dubi yayansa, ya ce a hankali, "Yaya, ka zauna."

Sagir ya tsaya kamar zai yi musu, sai ya sauke jakar daga kafaɗa. "Ka fara cin abinci tukuna."

'Yan wasa suka yi ajiyar zuciya, mai girki ta tashi ta ɗauko kwano. Nomau ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "To yanzu wa zan kai wa amsa?"

"Inna," suka ce tare.