Tasalla Ta Cika Tsabta

Ranar Talata na yi asarar yini guda a barandar wani ofishin agaji a nan Ƙaura, kuma zanen matata ne ya ja mana.

Tasalla na raka. Daga wani ƙauye take can bayan Zurmi. 'Yan bindiga suka kashe mijinta a gona, ta taho a ƙafa tana jan surukarta makauniya. Tun damina suke kwana a zauren maƙwabcina Hayatu, shi kuma yanzu yana son wurinsa ya zuba dawa. Ofishin nan yana da ɗakunan 'yan gudun hijira, saura guda.

Matata Kulsumu ta ce ba a zuwa gaban manya da tsumma. Ta ba Tasalla sabulu, ta ara mata atamfa.

Masu Girma 'yan kwamiti suka shiga taro da hantsi, mu aka ajiye mu a benci. Allah ya saka wa wanda ya fasa gilashin tagar ɗakin taron da alheri, don ta nan na ji yadda ake aikin jinƙai. Suka fara da batun wa ya tafi da fankar ofis. Suka koka kan lemon da aka kawo ba sanyi. Sai dab da azahar wani ya leƙo, ya dubi Tasalla daga ɗankwali zuwa silifa, ya koma.

"Wagga ba ta yi kama da mai gudun hijira ba," in ji shi. "Ku dubi zanenta."

Hajiya Mai Kula da Walwala ta ce ta san mutanen yankin nan, ba ka gane na kirki da mai kai wa 'yan daji labari. Ba ta taɓa zuwa can ba, amma direbanta ya gaya mata. Kowa ya gyaɗa kai don girmama direba.

Wani sabon ma'aikaci, Armiya'u, ya ce ko a kira ta a ji daga bakinta. Aka tuna masa ko shekara bai cika a aiki ba. Daga nan aka shigo da shinkafa.

Da suka fito na tari Babban Shugaba a bakin mota. "Ranka shi daɗe, zanen nan hwa na aro ne."

"To ka gani," ya ce, yana goge baki. "Tana da masu ara mata. Mu marasa kowa muke nema."

A hanya Tasalla ba ta yi kuka ba. Sai da muka kusa gida ta ce, "Malam, ko sunan mijina ba su tambaya ba."

Hayatu ya zuba dawarsa. Tasalla da tsohuwa suna kwana a ɗakin girkinmu, kusa da murhu. Ɗakin nan guda da ya rage a ofis kuwa, kwamiti ya sake zama, ya yanke shawarar a zuba kujerun taro a ciki kada rana ta ɓata su. Na leƙa jiya, jama'a. Kujerun suna nan lafiya, har an saya musu sabon kwaɗo.