Hayaƙin Sarkin Aljanu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha dariya.

Wani mutum ne a Kano, Tasi'u, mai tace finafinai a wani ɗan shago. In ya fara cika baki, sai ka rantse shi ya ƙera kwamfuta.

"Hayaƙi? Wuta? Guguwa? Ni fa ko ina gyangyaɗi sai in haɗa muku!"

Rannan Alhaji Ɗanliti, mai shirya fim, ya shigo. Shi ya zuba jarinsa, shi kuma ya fito a Sarkin Aljanu.

"Tasi'u, so nake in na ɗaga hannu, hayaƙi ya tuɗaɗo daga tafina, kowa ya razana. Ka iya, duk finafinaina naka ne. Ka kasa, in kai Legas."

"Legas? Haba Alhaji! Ai su ke bugo mini waya in koya musu."

To, ga yadda aikin yake. A kwamfuta ake gina siffar mutum mai bin motsin ɗan wasa, sannan a ɗaura mata mafitar hayaƙi a gaɓar da ake so. Duk inda gaɓar ta nufa hayaƙi na biye, in ta yi sauri ya ƙara ƙarfi. Tasi'u kuwa bai taɓa yi ba. Sai ya lalubo wani haɗaɗɗen aiki a intanet, na roka mai tashi sama. Ya cire rokar, ya dasa siffar Alhaji a gurbinta. Mafitar hayaƙin nan bai ko leƙa inda take ba. Ita kuwa roka, kowa ya san ba ta ka take fitar da nata ba.

Kwamfutarsa tsohuwa ce, tana nishi kamar mai naƙuda. Ba ta gama ba sai da Alhaji ya iso da tawagarsa: 'yan wasa, 'yan kasuwar fim, har da surukinsa Malam Buhari.

"Ka duba dai ko?" in ji Alhaji.

"Duba? Ai mai shakkar kansa ke dubawa."

Ya danna, ya harɗe ƙafa.

Ga Sarkin Aljanu nan cikin baƙar alkyabba, ido jawur. Ya ɗaga hannu. Shiru. Ko na turaren wuta babu. Can sai wani siririn hayaƙi ya sulalo ta ƙasan alkyabbar, ta baya.

Gumi ya karyo wa Tasi'u.

Sarki ya sunkuya zai ɗauki sandarsa. Fuuu! Ya miƙe da sauri. Bum! Baƙi ƙirin, har fadawan aljanun da ke bayansa suka ɓace. Da ya zabura ya bi jarumin fim da gudu kuwa, sai ka ce tsohuwar tifa a kan gada.

Malam Buhari ya gyara tabarau. "Ɗanliti, me ka ci ran nan?"

Ai sai ɗaki ya fashe da dariya. Wani ya faɗo daga kan benci, wata 'yar wasa ta toshe hanci da mayafi tana hawaye.

"Alhaji, ka gane," in ji Tasi'u. "Bincike na yi. Su aljanu, asali ta nan suke..."

"Ta ina?"

"Ta... ta inda ka gani."

Alhaji ya cire takalminsa a hankali, ya auna nauyinsa a hannu.

"Madalla da bincike. To tashi ka ruga, Tasi'u. So nake in ga ko kai ma naka zai fito."

Ya kuwa ruga. Har yau in ya gifta layin shagonsa, ba mai ce masa uffan. Fifita kawai ake yi da hannu.

Ƙurunƙus! Ba don kar ku ce na yi ƙarya ba, da na ce har yanzu layin na ƙauri.