Jarkar Asibitin da Na Wanke

Gara in faɗa da bakina, tunda an ƙi barin zancen ya mutu. Shekarar da hawan jinin Malam, maigidana, ya ƙi jin magani, likita a Kano ya ba shi jarka ya tara fitsarin kwana guda, za a auna wasu sinadarai a na'ura, har da wani wai shi dofamin. Ina buɗewa na ga wani ruwa mai wari a gindinta. Na ce, "Kai, asibiti guda ba tsafta!" Ni da na yi sakandare? Na zubar, na dirje ta da soso da sabulu, na shanya.

Malam ya tara, ya riƙo ta a mota tun daga garinmu Kiru har Kano. Mai gwajin ya gwada, ya ce, "Malam, ina maganin da muka zuba don kada fitsarin ya lalace?" Sai da aka sake daga farko.

Har gobe ban ga laifina ba. Sun rubuta ne a jikinta? Amma ko jarkar kananzir aka shigo da ita, Malam na hango ni sai ya rungume ta ya ce, "A ɓoye, ga Likita nan!"