Ƙuli-ƙulin da na ba ɓerayen Takwara

Ko an kai ni kushewa, ba ni mance ranar da jikata Takwara ta kai ni wurin aikinta a jami'a.

Yarinyar nan injiniya ta karanta. Muna jiran ta fara gyaran inji, sai ta ce ita ƙwaƙwalwa za ta bincika, ta ga yadda dabba ke koyo da tunawa. Da hannunta ta ƙera wani akwati mai lunguna da wayoyi, ana sa ɓera ya nemo abinci a ƙarshensa. (Ni a unguwarmu, Runjin Sambo, na ce ma maƙwabta likitar kai ce. Wa zai ce jikarsa na kiwon ɓera?)

Ranar ce malamarta za ta duba aikin. In ya yi, Takwara ta zama dakta. Ta zaunar da ni ɗakin ɓerayen, ta ce, "Kaka, ki huta nan, in taro Farfesa."

Farare ne tas, suna ta leƙe. Na duba kwanoninsu, wayam. Na ce subhanallahi, a tsare dabba ba ci? Alhakin nan kan jikata zai hau. Ni kuwa ba ni zuwa wuri hannu sake. Na kwance bakin gyale, na marmasa musu ƙuli-ƙuli, kowa ya ci ya ƙoshi.

Sunka shigo. Farfesa mace ce 'yar Filato, ta rusuna ta gaishe ni. Anka sa ɓera na farko, ya yi hamma ya kwanta. Na biyu ya hau wanke fuska. Takwara ta fara zufa. Ashe da gangan ake rage musu abinci, yunwar ce ke sa su nema.

Farfesa ta sunkuya ta tsinci ɓarɓashi, ta shinshina.

"Wa ya kawo ƙuli-ƙuli?"

Na ce, "Ni ce, ɗiyata. Sadaka ce."

Takwara ta dafe kai. "Kaka, kin kashe ni."

Na so ƙasa ta buɗe. Matar nan ta yi dariya har ta riƙe teburi, ta ce, "Mama, Allah ya karɓa. Mu dawo mako mai zuwa."

Sunka dawo, ban bi su ba. Ɓerayen sunka yi gudu, Takwara ta zama dakta, na yi sujada.

Yanzu in na ga mai yunwa, sai na fara tambaya ko aikin wani ne.